Turke ko Sarƙe: Kalmar da ta Dace da Ɗaure Inzayim ta Hanyar Sinadari

Inzayim furotin ne mai gaggauta sauyin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Bahaushe ya daɗe yana cin moriyarsa, domin shi ne ke cikin ruwan tumfafiya da ake daskarar da madara da shi. Matsalarsa a masana'anta ita ce yana narkewa a ruwa, sai ya bi kayan da aka sarrafa ya salwanta, ga shi kuwa da tsada. Dalilin ɗaure shi ke nan, don a tace shi a sake amfani da shi.

A dabarar da muke magana a kanta, ana amfani da gulutaraldehaid, sinadari mai ƙwayar kabon 5 da hannu biyu masu kamu. Kowane hannu yana cafke laisin da ke jikin furotin, har ƙwayoyin inzayim su zama dunƙule guda da ruwa ba ya narkarwa. Quiocho da Richards sun gwada haka a 1964. A 2000 kuma ƙungiyar Roger Sheldon ta Jami'ar Delft a Holan ta sauƙaƙa aikin: a fara tara inzayim ya kwanta, sannan a ɗaure.

Majeman Kano da Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Ruwan bagaruwa yana kama zaren furotin na fata ya haɗa su, shi ya sa kirgi ke jure ruɓa. Kamun bagaruwa dai bai kai na gulutaraldehaid ƙarfi ba, kuma shi ma wannan sinadari ana jima da shi a yau.

To, da wace kalma za a koyar da ɗalibin Dangamaji ko Jega da ya shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero? “Turke” na buƙatar abin da aka kafa, don haka ya fi dacewa da manna inzayim a jikin wani daskararren abu. A nan kuwa ƙwayoyin juna suke riƙewa, saboda haka “sarƙe” ya fi cancanta a ganinmu. “Dabaibayi” sai a keɓe shi ga illar da ke biyo baya: in sinadarin ya yi yawa, inzayim yakan ƙage, dunƙulen ya toshe, abin da za a sarrafa ya kasa kutsawa ciki, aikin ya ragu ainun.