Zoben Titaniyam: Abin Da Mai Saye Ya Kamata Ya Sani A Kasuwannin Jos

JOS — A shagunan kayan ƙawa da ke unguwar Taminus da titin Ahmadu Bello a cikin garin Jos, zoben titaniyam ya shiga sahun zobban da maza ke nema, musamman angwaye da matasa ma'aikata. Dukan waɗannan zobba daga ƙasashen waje ake shigo da su, alhali ma'adinin da ake fitar da ƙarfen daga cikinsa yana jibge a tsofaffin filayen haƙar kuza na Bukuru da Barikin Ladi.

Tun wajen shekarar 1904 da Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunukan Filato, baƙin yashin da ake kira ilmanait yake fitowa tare da kuza da kwalambait, amma da yake ba shi ake nema ba, sai a watsar da shi gefe. Bayan rushewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka janye, suka bar tarin yashi da kududdufai. Ilmanait da ɗan'uwansa rutil su ne tushen titaniyam a duk duniya, sai dai kashi mafi tsoka na abin da ake haƙowa ana sarrafa shi ne ya zama farin garin da ake zubawa cikin fenti da takarda da roba.

Dalilin da ya sa maƙeran fari na gida ba su iya ƙera wannan zobe shi ne wuyar sha'anin ƙarfen. Azurfa tana narkewa a ma'aunin zafi 962, zinariya a 1,064, amma titaniyam sai ya kai 1,668, kuma idan ya yi zafi a cikin iska lalacewa yake yi. Hanyar tace shi da William Kroll, ɗan ƙasar Luksambok, ya fito da ita wajen 1940, har yau ita ake bi, kuma ƙasashe ƙalilan ne irin su Sin da Japan da Rasha da Kazakistan suka riƙe wannan sana'a. Galibi ana feƙe zoben ne da inji daga sandar ƙarfe, ba zuba shi ake yi ba.

Abin da ke jan hankalin maza gare shi shi ne rashin nauyi da rashin tsatsa. Ruwan alwala da gumi da sabulu ba sa yi masa illa, kuma da wuya ya sa ƙaiƙayin fata, shi ya sa likitoci ke amfani da shi wajen ɗorin ƙashi da dashen haƙori. Kiristoci suna sayensa don zoben aure saboda sauƙin kuɗinsa a kan zinariya. Su kuwa Musulmi, da yake shari'a ta haramta wa maza zinariya ta halatta musu azurfa, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun karhanta zoben baƙin ƙarfe da na tagulla, ya kyautu mai niyyar saye ya fara neman fatawa daga malamin da ya amince da shi.

Babbar matsalar kasuwar ita ce jabu. Yawancin zobban da ake rubuta wa "Titanium Steel" ƙarfe ne mara tsatsa irin na cokula, ba titaniyam ba. Gwajin maganaɗisu bai wadatar ba, domin sau da yawa dukansu biyu ba ya kama su. Abin dogara shi ne nauyi: zoben titaniyam bai fi rabin nauyin na ƙarfe mai girmansa ba sai da kaɗan, kuma bai kai rabin na azurfa ba. Launinsa na asali toka-toka ne, ba fari fat ba. Har ila yau, yana da kyau a tambayi darajarsa. Mai lamba 2 kusan tsantsa ne, mai lamba 5 kuwa an gauraya shi da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari, ya fi ƙarfi, ya kuma fi wuyar yankewa.

Wannan ƙarfi nasa shi ne ke jawo matsala ta biyu. Zoben azurfa idan ya matse ko ya yi yawa, maƙeri zai yanke shi ya yi masa tsinke a ɗan lokaci, amma na titaniyam ba ya karɓar irin wannan gyara. Saboda haka a auna yatsa da yamma lokacin da ya ɗan kumbura, a kuma yi la'akari da sanyin Jos na watannin Disamba da Janairu, wanda kan sa yatsa ya tsuke har zobe ya suɓuce. Idan yatsa ya kumbura sakamakon rauni, ana iya yanke zoben a asibiti, amma sai da kayan yanka masu ƙarfi. Makanikai da masu walda da masu aikin lantarki, cire shi lokacin aiki ya fi musu alheri. Baƙin launi kuwa galibi shafe ne, yana iya goguwa da daɗewa.

Ta fuskar tattalin kuɗi, zinariya da azurfa ajiya ce da ake sayarwa ranar buƙata, amma zoben titaniyam ba shi da wata daraja ta a-zo-a-gani idan aka tashi sayar da shi, don kuɗin da aka biya na aiki ne, ba na ƙarfen ba. Masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, don haka mai saye ya nemi rasit da ke bayyana irin ƙarfen, ya kuma daidaita da mai shago a kan musanya idan awo bai yi ba.

Garin Jos shi ne mazaunin Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa, wadda aikinta ya haɗa da binciken tace ma'adinai. Muddin ba a kafa masana'antar da za ta ƙara wa ilmanait ɗin Filato daraja a gida ba, ƙasar nan za ta ci gaba da sayar da ɗanyen yashi da araha, tana sayo fenti da zobba da kuɗin musanya masu tsada.