Manhajar Duba Magani Ba Ta San Haɗin TikTok Ba

Matasa da yawa su ne ke sayo wa iyayensu magani ta waya, har da na gargajiya da ake tallatawa a TikTok da WhatsApp. Idan tsohon yana shan maganin rage kitsen jini irin su simvastatin ko atorvastatin, to a nan akwai haɗari.

Wani sinadari mai suna CYP3A4, da ke hanta da hanji, shi ke narkar da waɗannan ƙwayoyin. Ganyen St John's wort yana ƙara masa sauri, sai maganin ya fita kafin ya gama aiki. Lemon garehul kuwa tauye shi yake yi, maganin ya taru a jini, ya kawo ciwon tsoka. Idan fitsari ya yi duhu kamar shayi, sai asibiti nan take, domin ƙoda na iya taɓuwa. Ita kuma jar shinkafar Sin da ake sayarwa a kwalba tana ɗauke da monacolin K, wanda daidai yake da lovastatin, wato statin biyu kenan a lokaci guda.

Manhajojin Drugs.com da Medscape suna nuna irin wannan karon kyauta, muddin an rubuta sunayen. Amma gorar da aka rubuta wa "maganin kitse" kawai, babu jerin abin da ke ciki, ba manhajar da za ta gane ta. Gara a ɗauki hoton gorar da na ƙwayar a nuna wa likita, kuma kada a dakatar da statin kafin a ji ta bakinsa.