Mutumin Sahu na Biyu: Ƙaramin Barista Tsakanin Kasuwa da Gwamnati a Landan

A manyan kotunan Landan, wurin zaman lauya kansa yana faɗin matsayinsa. Sahun gaba na masu rigar siliki ne, waɗanda ake kira Lauyoyin Sarki. Su ke miƙewa su yi magana da alƙali, sunayensu ne jaridu ke bugawa washegari. A bayansu akwai sahu na biyu, inda za ka ga wani ya duƙufa a kan kwamfuta, ga 'yan takardu masu manne a gefensa. Da alƙali ya jefo tambayar da babban lauya bai shirya mata ba, sai hannu ya miƙo daga baya da guntuwar takarda: kundi kaza, shafi kaza, sakin layi na uku. Babban lauya ya saci kallo, ya gyara murya, ya amsa kamar dama amsar na bakinsa. Mai miƙo takardar nan shi ne ƙaramin barista, kuma a shari'o'in gasar kasuwa da na ƙalubalantar hukuma, akasarin abin da aka furta a sahun gaba daga alƙalaminsa ya fara fitowa.

A Najeriya lauya ɗaya ne: ranar da aka shigar da sunansa a rajista ya zama barista kuma solisita na Kotun Ƙoli lokaci guda. A Ingila da Wales kuwa sana'ar rabe take gida biyu. Solisita ke karɓar mai ƙara, ya tattara takardu, ya riƙe fayil. Barista shi ake ɗaukowa ya ba da ra'ayin ƙwararre, ya tsara hujjoji, ya tsaya gaban alƙali. Lambar SAN da aka fara bai wa Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas a 1975 kwaikwayon rigar silikin can ce. A tsarin Ingila duk baristan da bai sami silikin ba ƙarami ne, ko da furfura ta cika masa kai, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samu.

Hanyar shiga sananniya ce, ƙuncinta ne abin faɗi. Bayan digiri da kwas ɗin horar da barista, dole mutum ya zama ɗan ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin nan huɗu, Lincoln's Inn, Gray's Inn, Middle Temple ko Inner Temple, wadda ta yaye lauyan Najeriya na farko, Christopher Sapara Williams, a 1879. Daga nan sai shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin wani barista a cemba. Cembobin da suka yi suna a waɗannan fannoni, irin su Monckton da Brick Court da Blackstone, 'yan ƙalilan suke ɗauka a shekara, a ƙarshe kuma a yanke shawara ko mai koyo ya zauna ko ya nemi wani wuri.

Wanda ya zauna ba albashi zai riƙa karɓa ba. Kowane barista a cemba kansa yake yi wa aiki. Cemba haɗakar haya ce da akawuna, kowa na ba da kasonsa. Akawunan nan ba abin rainawa ba ne, domin su ke cinikin kuɗin aiki da solisitoci, su ke riƙe jadawali, kuma sau da yawa su ke raɗa wa solisita cewa ga wani yaro mai kaifin kai, a gwada shi. Saboda kowa mai zaman kansa ne, ana iya samun mutum biyu 'yan cemba ɗaya suna karawa a shari'a guda, wannan na kare kamfani, wancan na kare hukumar da ta ci shi tara. Akwai kuma ƙa'idar da suka aro daga layin tasi a tasha: wanda ke kan layi ba ya zaɓen fasinja. Muddin aikin na fanninsa ne, yana da sarari, kuma an biya kuɗin da ya dace, barista ba shi da ikon ƙin mai ƙara don ba ya son halinsa ko manufarsa.

A fannin gasar kasuwa, Dokar Gasa ta 1998 abu biyu ta haramta. Na farko haɗa baki tsakanin kamfanoni don tsayar da farashi ko raba kasuwa, na biyu amfani da ƙarfin babakere wajen danne abokan hamayya ko tatsar masu saye. Hukumar da ke sa ido, CMA, ta fara aiki a 2014, kuma tararta na iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya. Ƙararrakin kan je wata kotu ta musamman da aka kafa a 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙarar Harkokin Gasa, inda galibi mutum uku ke zama: masanin shari'a a matsayin shugaba, da wasu biyu da kan fito daga tattalin arziki ko akanta ko kasuwanci.

Shari'ar manyan motocin dakon kaya ta nuna irin aikin da ake nufi. A 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanonin ƙera su, ciki har da Daimler da DAF da Volvo, tarar kusan yuro biliyan 3 saboda haɗa bakin da suka yi daga 1997 zuwa 2011. Laifi ya tabbata, to amma nawa mai saye ya yi asara? Kamfanin gidan waya na Royal Mail da na sadarwa BT sun kai DAF ƙara kan wannan tambaya kaɗai. Masanin tattalin arzikin masu ƙara ya ce an ɗora musu wajen kashi 10 cikin ɗari, na DAF ya ce ba a ɗora musu ko kwabo ba, kotu kuma a Fabrairun 2023 ta tsaya a kashi 5. Kafin a kai ga wannan lamba ɗaya, sai da wani ya bi dubban takardun farashi na shekaru 14, ya zauna da masana har ya gane lissafinsu, ya gano inda zaton da aka gina lissafin a kai ya yi rauni, sannan ya mayar da raunin tambayoyi gajeru da babban lauya zai yi wa shaida. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai ba zai daɗe a wannan fanni ba.

Tun daga Oktoban 2015 aikin ya ƙara yawa, domin an ba da damar mutum ɗaya ya shigar da ƙara a madadin miliyoyi ba tare da sun sa hannu ba. Walter Merricks ya yi haka a 2016, ya nemi fam biliyan 14 daga Mastercard a madadin mutum miliyan 46. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 2020 kan batun ko ma za a saurare ta, daga baya aka sasanta a kan fam miliyan 200. Masu sukar tsarin na cewa lauyoyi da masu zuba jarin shari'a ne ke cin moriyarsa fiye da talakan da aka ce ana yi dominsa, kuma idan aka dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu, ba za a ce sun yi sharri ba.

Me ya haɗa wannan da dokar hukuma, har mutum ɗaya ke riƙe su tare? Amsar tana cikin shari'ar Giphy. Facebook ya sayi wannan kamfanin hotuna masu motsi a 2020 kan sama da dala miliyan 300, CMA ta ce a Nuwamban 2021 sai ya sayar. Da Meta, wato sabon sunan kamfanin Facebook, ta garzaya kotu, doka ba ta bai wa alƙalai damar tambayar ko hukumar ta yi daidai a ra'ayinsu ba. Abin da za su duba shi ne ko ta tsaya cikin huruminta, ko ta bi ƙa'ida, ko matakin nata mai hankali zai iya ɗaukarsa. Meta ta faɗi a kusan dukkan hujjojinta, ta ci ɗaya kan wasu bayanai da aka ɓoye mata. Hukumar ta sake dubawa, ta maimaita umarninta, aka sayar da Giphy ga Shutterstock a 2023 kan dala miliyan 53.

Waɗannan ma'aunai uku su ne ƙashin bayan dokar hukuma a Ingila, kamar yadda Lord Diplock ya bayyana su a 1984. Na ukun ya samo asali ne daga wata ƙaramar rigima a garin Wednesbury a 1947, inda hukumar gari ta bar gidan sinima ya buɗe ranar Lahadi bisa sharaɗin kada yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya shiga. Mai sinima ya kai ƙara ya faɗi, amma ma'aunin da kotu ta kafa a ranar har yau da shi ake auna ministoci. Da irin wannan ƙara ce Kotun Ƙoli ta soke dakatar da majalisa da Boris Johnson ya yi a 2019, ta kuma ce shirin kai masu neman mafaka Ruwanda ya saɓa wa doka a 2023. Aikin yau da kullum bai kai haka armashi ba: bizar da aka hana, tallafin naƙasasshen yaro da ƙaramar hukuma ta yanke, kwangilar gwamnati da aka bai wa wani. Lokaci kuwa a ƙure yake. Wata uku ne iyakar wa'adin shigar da ƙara, kwana 30 a kan kwangila, mako huɗu a kan haɗewar kamfanoni.

A nan ne ƙaramin barista ke fuskantar zaɓin da zai tsara rayuwarsa. Shari'ar gasa akwai kuɗi, amma tana iya cinye masa shekara biyu a matsayin na huɗu ko na biyar a tawaga, bai ce uffan a gaban alƙali ba. Aikin gwamnati akasin haka ne. Babban Lauyan Gwamnati yana da jerin ƙananan baristoci mataki uku, C da B da A, gwargwadon shekarun aiki, kuma kuɗin da ake biyansu a awa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na manyan kamfanoni. Sai dai wanda ke kan jerin shi kaɗai zai tsaya a Babbar Kotu, alƙali ya tsare shi da tambaya, babu mai miƙo masa takarda daga baya. A ganina wanda ya bi kuɗi kaɗai a shekarunsa na farko ya cuci kansa, domin ranar da zai nemi siliki, alƙalan da suka ji muryarsa ake tambaya. Matsalar ta yi ƙamari har manyan alƙalan Ingila suka fitar da sanarwa a Nuwamban 2023 suna kira da a riƙa bai wa ƙananan lauyoyi damar yin magana a zaman kotu, ko da a kan wani ɓangare ne na shari'ar.

Najeriya ta shigo wannan fage a makare. Sai a farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar FCCPC da kotunta ta musamman. A Yulin 2024 hukumar ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kotun kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Lauyan da zai tsaya a irin wannan shari'a a Abuja, ko ta wane ɓangare, tambayoyin da ke gabansa su ne na takwaransa na Landan: ina iyakar kasuwar da ake magana a kai, wa ke da ƙarfi a cikinta, kuma ko hukumar ta saurari wanda take tuhuma kafin ta yanke masa hukunci.