Kayan Ƙwalam Na Biki: Dakuwa, Gullisuwa Da Dunƙulen Kek

Da zarar kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai bukukuwa su kankama a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan da ke kewaye. Yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi kai gara. Kowace uwar biki tana so ta fita kunyar baƙinta. Saboda haka mata da yawa kan ci bashi, ko su sayar da akuya, don su sayo biskit da alewa da kek na kanti. Biki ya watse, a bar mace da mai bin bashi a ƙofar ɗaki.

Alhali kuwa akwai ƙananan kayan ƙwalam da uwargida za ta iya yi da hannunta, ba tare da murhun zamani ba. Ana mulmula su kamar girman goro, kowanne loma ɗaya. Amfaninsu a fili yake. Ba sa bukatar wuƙa ko faranti. Suna da sauƙin ƙirgawa. Idan an ƙulla biyar-biyar a leda, kowa zai samu daidai da na ɗan'uwansa, babu ƙorafi.

Gyaɗa da masara da riɗi duk ana noma su a Zamfara. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga. Fulawa da sukari da madarar gari kuwa ana samunsu a kantunan Sabon Gari da sauran kasuwanni. Ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda babu gidan da ba a san shi ba.

DAKUWA

Dakuwa ita ce ta fi sauƙin kuɗi, domin kusan duk kayanta daga gona suke. A tanadi gyaɗa gwangwani 3, masara gwangwani 2, sukari gwangwani 1, da ɗan gishiri da citta. Mai son yaji ta ƙara barkono kaɗan.

A soya gyaɗar a cikin yashi, a murje ɓawon, a fece. A soya masarar ita ma har ta yi ja, a niƙa, a tankaɗe. Sai a zuba gyaɗar a turmi a yi ta daka har ta fara fitar da mai. A zuba garin masarar da sukari da sauran kayan, a ci gaba da kirɓawa. Idan aka damƙi kaɗan a hannu ya tsaya bai warwatse ba, to ta yi. A mulmula.

Man gyaɗar shi ne ke haɗa dakuwa, ba ruwa ba. Idan ta ƙi kamuwa, a ɗiga man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu. Ruwa ko ɗigo kada ya shiga. Dakuwar da ruwa ya taɓa takan yi tsami, ta yi fumfuna cikin 'yan kwanaki. Wasu matan kan yi tasu da soyayyar aya a maimakon masara. Ita ma ƙa'idar ɗaya ce.

GULLISUWA

Gullisuwa ta fi dakuwa tsada, amma yara da manya suna sonta, kuma tana daɗewa. Kayanta uku ne: madarar gari gwangwani 4, sukari gwangwani 1, da man suya.

A jiƙa sukarin da ruwa kaɗan har ya narke. A riƙa zuba shi a kan madarar sannu a hankali ana cuɗawa, har kwaɓin ya yi tauri, ya daina kama hannu. A shafa mai a tafin hannu a mulmula ƙanana-ƙanana.

Wurin suya ne mata da yawa ke asara. Madara da sukari suna saurin ƙonewa. Idan wuta ta yi yawa, bayan gullisuwa zai yi baƙi, cikinta kuwa ɗanye. Don haka a janye itace, a bar garwashi. A fara jefa ƙwaya ɗaya a gwada. A riƙa juyawa har su yi ja, sannan a tsame. Za a ji su da laushi suna fitowa daga mai, amma idan sun huce sai su yi ƙarfi.

DUNƘULEN KEK

Wannan shi ne baƙo a cikinsu. Asalinsa dabara ce ta masu gasa kek, don kada gutsattsarin da ya karye ya tafi a banza. A Amurka ya yi tashe tun wajen 2008, inda ake tsire shi a tsinke a tsoma a cakulan. A nan ƙasar ba dole ba ne a bi wannan hanya. A watannin Maris da Afrilu zafin Gusau kan kai awo 40, cakulan kuwa narkewa yake yi tun kafin a kai gidan biki.

A tanadi fulawa gwangwani 3, sukari gwangwani ɗaya da rabi, bota giram 250, ƙwai 5, da bekin foda ƙaramin cokali 2, wato hodar da ke sa kek ya tashi. A buga bota da sukari har su yi fari. A fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a wani kwano dabam, don kada baragurbi ya ɓata kwaɓi. A zuba ana bugawa. Daga ƙarshe a sa fulawar da aka tankaɗe tare da hodar.

Wadda ba ta da murhun gashi, tukunya ta ishe ta. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a wuta ya yi zafi. A shafa mai a kwanon silba, a zuba kwaɓin zuwa rabi, a ajiye a kan yashin. A rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Bayan kamar minti 40 a soka tsinke a tsakiya. Idan ya fito babu danshi, kek ya gasu.

A bar shi ya huce sarai. A yanke inda ya ƙone. A murmushe sauran da hannu har ya zama kamar tsaki. Sai a kwaɓa bota cokali 2 da madarar gari cokali 3, a riƙa sawa kaɗan-kaɗan ana cuɗawa har ya kamu. Idan abin haɗin ya yi yawa, zai caɓe. A mulmula, a birgima kowanne a cikin soyayyen riɗi, ko dakakkiyar gyaɗa, ko gogaggiyar kwakwa da aka soya. Wannan awo yakan ba da dunƙule wajen 40. Ko kek ɗin da ya farfashe a tukunya, wanda ake jin kunyar kai wa baƙi, ta wannan hanya ake ceto shi.

A KULA DA LAFIYAR MASU CI

Abin da za a raba wa mutum ɗari, kuskure ɗaya a cikinsa ya isa ya kwantar da unguwa. Ga abubuwa biyar da ya kamata a kiyaye:

1. A tsince gyaɗa da masara da kyau. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, a zubar. Fumfuna na haifar da wani dafi da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

2. A san turmin da za a yi daka a ciki, da injin da za a kai niƙa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan an riƙa daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Turmi ko injin da dutsen ma'adini ya taɓa shiga bai dace da abinci ba.

3. A wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe kafin a fara mulmula. A yanke farce. Dakuwa da dunƙulen kek ba sa komawa wuta bayan hannu ya taɓa su.

4. Kada a ba ƙaramin yaro dunƙule guda, domin yana iya shaƙe shi. A murmushe masa. Idan an sa zuma, kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

5. Kada a ƙulla komai a leda da ɗuminsa. Gumin da zai taru a ciki shi ne ke ɓata shi.

TSARIN AIKI

Kowanne da kwanakinsa. Gullisuwa takan yi mako biyu a cikin mazubi busasshe mai murfi, don haka ita ake fara yi. Dakuwa a yi ta saura kwana biyu ko uku. Dunƙulen kek kuwa a yi shi ana gobe biki, a cinye shi a ranar, musamman inda babu firji.

Kafin a auna komai, uwargida ta zauna ta ƙirga baƙinta. Idan mutum 60 ake sa rai, kowa zai samu 5, to ƙwaya 300 ake bukata. Sai ta sa dakuwa ta fi yawa, gullisuwa da kek su zama ƙari. Wadda ta iya rubutu ta rubuta abin da ta kashe, da yawan abin da ta samu. Da wannan lissafi za ta san farashin da za ta faɗa ranar da maƙwabciya ta ce a yi mata na bikin 'yarta.

Wadda ba ta taɓa yi ba, kada ta fara da ranar biki. Ta gwada da gwangwani ɗaya tukuna, ta ba mutanen gida su ɗanɗana. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.