29 ga Fabrairu: Ranar da Ba Ta Zuwa Kowace Shekara

Yara, ku ɗauko kalandar da ke rataye a ɗaki ku buɗe watan Fabrairu. Galibi za ku tarar ya tsaya a kan 28. Amma a 2024 ya kai 29, kuma ba zai sake kaiwa ba sai 2028. Daga ina wannan rana take fitowa, kuma me ya sa take ɓacewa?

Shekarar Miladiyya lissafi ce ta tsawon lokacin da duniya ke ɗauka kafin ta kewaye rana sau ɗaya. Mun saba cewa kwana 365 ne, alhali akwai ɗoriyar awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙu, wato kusan rubu'in kwana. Kalanda kuwa ba ta da gurbin rubu'in kwana. Don haka ake tara ɗoriyar kamar yadda kuke jefa canji a asusu, bayan shekara huɗu a fasa, a sami kwana guda cur, a liƙa shi a ƙarshen Fabrairu. Da za a yi watsi da shi, da kowace shekara ɗari kalanda ta zame da kimanin kwana 24, har a wayi gari ana hunturu a watan da aka saba shuka.

Shugaban Rumawa Yuliyas Kaisar ne ya kafa wannan tsari, ya fara aiki shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai dai lissafinsa ya ɗan zarce, domin ya ɗauki ɗoriyar a matsayin awa 6 cif, ya ƙara wa kowace shekara kimanin minti 11. Minti 11 ba ya tayar wa kowa hankali, amma duk shekara 128 sai ya taru ya zama kwana. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya ga ranar bikin Ista na Kiristoci na ta gocewa daga lokacinta, sai ya ba da umarni a tsallake kwana goma. Mutanen Italiya da Sifen suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Ya kuma kafa doka: shekarar da ta cika ƙarni ba za ta sami 29 ga Fabrairu ba, sai in 400 ya raba ta ba saura. Shi ya sa 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu, 2100 kuma ba za ta samu ba.

Wannan doka ta shafi wani yaro da aka haifa a Gujarat ta ƙasar Indiya ranar 29 ga Fabrairu, 1896, mai suna Morarji Desai. Da yake an tsallake 1900, sai da ya shekara takwas kafin ranar haihuwarsa ta fara zagayowa. Ya zama Firayim Ministan Indiya a 1977 yana da shekara 81, ya rasu a 1995 yana da 99, amma sau 23 kawai ranar ta riske shi a duniya. Ɗan ƙwallon Sifen Ferran Torres shi ya yi sa'a, don an haife shi ranar 29 ga Fabrairu, 2000, shekarar da 400 ya raba daidai. Kada dai ku ɗauka irin waɗannan mutane ba sa tsufa. Shekarunsu na tafiya kamar na kowa, sai dai su yi murnarsu a 28 ga Fabrairu ko 1 ga Maris.

Labarin da ya fi ɗaukar hankali a wannan rana ya faru ne a tsibirin Jamaika a 1504. Jiragen ruwan Kiristofa Kolambus sun lalace, shi da mutanensa sun maƙale wata da watanni suna cin abincin mutanen tsibirin, ƙabilar Taino. Da baƙin suka fara zaluntar masu masaukinsu, sai aka daina kawo musu abinci. Kolambus yana da littafin masana taurari, ya duba ya ga wata zai yi husufi a daren 29 ga Fabrairu. Ya tara shugabanninsu ya ce Ubangijinsa ya yi fushi da su, zai kuma nuna alama a sama. Dare ya yi, wata ya fito ya rine ja, mutane suka firgita suka yi ta ɗebo abinci. Husufi dai ba fushi da kowa ba ne a wannan dare: duniya ce ta gitta tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, kuma masana na iya lissafa lokacinsa tun shekaru kafin ya zo. Ana yawan ba da labarin don a yaba wayon Kolambus. Ni a ganina yaudara ce, aka yi ta da ilimi a kan mutanen da suka ciyar da shi.

A irin wannan rana a 1940 kuma, a birnin Los Angeles na Amurka, Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar fim ta Oscar. Saboda wariyar launin fata, ba a bar ta ta zauna teburi ɗaya da abokan aikinta farare ba a wurin bikin.

Ranar 29 ga Fabrairu, 1960, ta zo wa Arewacin Afirka da abu biyu. A birnin Oran na Aljeriya aka haifi mawaƙi Khaled. A Agadir ta Maroko kuwa, dab da tsakar dare, ƙasa ta girgiza na kimanin daƙiƙa 15, mutum fiye da 12,000 suka rasu, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin. A farkon watan azumi abin ya faru, kuma wannan ya isa ya nuna muku bambancin kalandar Miladiyya da ta Hijiriyya. Hijiriyya wata take bi, kwananta 354 ko 355, ba ta kuma ƙoƙarin daidaita kanta da damina ko rani. Shi ya sa azumi ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, sai bayan kimanin shekara 33 ya komo inda ya taso.

Ƙasashe ba su karɓi gyaran Giregori lokaci guda ba. Ingila sai 1752, Rasha sai 1918. Suwidin ta so ta yi dabara, ta riƙa zubar da 29 ga Fabrairu a hankali har shekara 40. Ta zubar a 1700, yaƙi ya ɗauke mata hankali ta bar ranar a 1704 da 1708, kalandarta ta zama ba ta dace da ta kowa ba. Sarki Charles na 12 ya ce a koma tsohon lissafi, aka mayar da kwanan da aka cire, Fabrairun 1712 ya yi kwana 30. Duk jaririn da aka haifa a Suwidin ranar 30 ga Fabrairun nan, har ya bar duniya ranar haihuwarsa ba ta sake zagayowa ba.