Shin Einstein ya rufe magana kan ƙarfin ja?

Yau zancenmu kan ƙarfin da ke jawo komai ƙasa ne, da masanan da ke ganin Albert Einstein bai gama bayaninsa ba. Ni dai ina ganin suna da hujja.

Newton ya kafa ƙa'idarsa a 1687, Einstein ya sauya ta a Nuwamban 1915. To amma lissafin nasa ya yi sarƙaƙiya, har shi kansa da kintace ya fara warware shi. Wanda ya fara fito da cikakkiyar amsa, wadda babu kintace a cikinta, shi ne Karl Schwarzschild, Bajamushe masanin taurari. Yana fagen daga, yana lissafa wa sojoji inda harsashin igwa zai sauka. A can ɗin, cikin sanyin Disamba, ya aika wa Einstein wasiƙa ɗauke da amsar. Kafin wata biyar ta cika ciwon fata ya yi ajalinsa, yana da shekara 42. Daga wannan amsa aka gano baƙin rami: da za a matse duniyar nan ta koma ba ta kai goro guda ba, ko haske ba zai kuɓuce mata ba.

Wani zai ce, ai Einstein ya ci kowace jarrabawa, tun husufin ranar da aka auna a tsibirin Principe a 1919. Gaskiya ne. Sai dai masaniyar taurari Vera Rubin ta nuna taurarin da ke gefen gungunsu suna gudu fiye da yadda lissafi ya yarda. Ko dai akwai wani abu mai nauyi da ba ma gani, ko kuwa ƙa'idar ce ke da gyara, kamar yadda Mordehai Milgrom ya ce a 1983. Tarihi kuma bai goyi bayan ɓangare ɗaya ba. Masanin taurari Le Verrier ya lissafa ɓoyayyiyar duniya a 1846, aka duba aka ga Neptune. Ya sake yin haka don bayyana karkacewar hanyar duniyar Mercury, aka yi ta nema ba a samu komai ba, domin a wannan karon ƙa'idar Newton ce ta gaza.

Sabon ra'i ba ya gwaduwa sai an fitar masa da cikakkiyar amsa, an ga abin da ya ce game da rana ko baƙin rami. Wannan aiki allo da alli yake buƙata, ba na'urar biliyoyi ba, don haka ɗalibin lissafi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero zai iya shiga cikinsa. Lokaci ya ƙure mana, amma ku riƙe wannan: a Agustan 2017 igiyar ƙarfin ja da haske suka iso daga karon wasu taurari biyu, bayan tafiyar shekara miliyan 130, da tazarar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Wannan awo kaɗai ya rushe ra'o'i da dama masu neman gyara ƙa'idar Einstein.