Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Firinsifal Ma Yana Komawa Aji

Muna aji biyar a makarantarmu ta kwana aka wayi gari wata Litinin firinsifal bai fito asambili ba. Mataimakinsa ne ya hau dandamali ya ce Baba ya tafi kwas, sai bayan mako uku. 'Yan aji ɗaya suka yi tsit, mu kuwa manya da ke layin baya dariya ta kusa kuɓuce mana. Mutumin da furfura ta gama cinye kansa, wanda ya koyar da rabin malamanmu, me kuma ya rage a koya masa? Wani abokinmu ya raɗa cewa hutu kawai Baba ya tafi, aka laƙaba masa suna kwas.

Yanzu da muke jami'a, wasunmu ma a tsangayar ilimi, mun gane dariyar rashin sani muka yi. Ƙannenmu da ke sakandare, batun ya shafe ku fiye da yadda kuke zato, domin abin da firinsifal ya iya da wanda bai iya ba, a kanku yake ƙarewa.

A yawancin makarantun gwamnati, ga yadda mutum yake hawa wannan kujera. Malami ne da ya iya darasinsa, a ce lissafi ko kimiyya. Shekaru suna tafiya, matakin albashinsa yana hawa, ya zama shugaban sashe, ya zama mataimaki, sai wata rana takarda ta zo daga Ma'aikatar Ilimi cewa an ba shi makaranta. Abin da ya karanta a kwalejin ilimi ko jami'a shi ne yadda ake shirya darasi da yadda ake tafiyar da aji. Amma ranar da ya shiga ofis, wani aiki ne daban yake jiransa: lissafin kuɗi, ɗan kwangilar abinci da ya kawo buhun wake rabi ƙwari, malamin da ba ya shiga aji amma yana da uwa a gindin murhu, iyayen da suka zo a fusace, rajistar jarrabawa, rijiyar burtsatsen da ta lalace. Da yawansu a bakin aiki suke koyon waɗannan, a yi kuskure a gyara. To kuskuren da aka yi kafin a gyara, wa ya kwana da shi? Ɗalibin da ya yi zango guda babu malamin Turanci.

Za ku ce wannan matsalar sabon firinsifal ce, wanda ya shekara goma sha biyar a kujera ai ya wuce nan. Gaskiya ne ya san abubuwa da yawa. Sai dai gogewa tana da nata tarkon: dabarar da ta yi wa mutum aiki shekara da shekaru, da wuya ya yarda cewa ta tsufa. Kuma babu mai gaya masa. Malamai suna shakkarsa, ɗalibai suna tsoronsa, mai duba makarantu daga ma'aikata wataƙila tsohon ɗalibinsa ne, sai ya durƙusa ya gaishe shi ya sa hannu a littafi ya tafi.

Ga shi kiɗan ya canza. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara nata a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Satar amsa da aka sani da 'yar takarda a cikin safa ta koma cikin waya. Sannan ga babban abin da ya fi waɗannan nauyi. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka yi na Kagara da na 'yan matan Jangebe. Babu kwalejin ilimin da ta koya wa malaman wancan zamani abin da za su yi idan an ji harbi da tsakar dare: wa za a kira, ta ina yara za su fita, a ina za a taru a ƙirga su. Ilimi ne da dole a nemo shi daga baya. Kuma tunda dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, a inda ake aiki da ita tsofaffin hannu za su ƙara daɗewa a kujera. Idan za su daɗe, ya kamata a sabunta musu kayan aiki.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane haka. A Amurka, wani tsohon shugaban makaranta mai suna Roland Barth ya kafa cibiyar shugabannin makarantu a Jami'ar Harvard a 1981. Abin da ya lura da shi shi ne kaɗaicin kujerar: a makaranta malamai suna da yawa, ɗalibai sun fi yawa, amma firinsifal ɗaya ne tak, ba shi da abokin shawara. Cibiyar ta zama wurin da suke haɗuwa su baje matsalolinsu su koya daga juna.

Na Ingila ne ya fi ba mu sha'awa. A 1998 suka ɓullo da wani shiri na musamman don shugabannin da suka riga suka yi shekaru a kan aiki. Kafin mutum ya je, sai a raba wa wasu daga cikin abokan aikinsa takardar tambayoyi su faɗi yadda suke ganin shugabancinsa da yanayin makarantar. A wurin kwas sai a ajiye masa yadda yake ganin kansa a gefe guda, yadda ake ganinsa a ɗaya gefen. Ku yi tunanin firinsifal ɗinku da yake ganin kansa mai sauraron kowa, a nuna masa cewa malamansa suna ganin ba a isa a yi magana a gabansa ba. Abin da ciwo, amma ta ina kuma zai ji?

Mu ma nan gida ba a zaune ake ba. Akwai cibiyar NIEPA a garin Ondo, wadda aka kafa a 1992 don horar da masu tsarawa da gudanar da harkar ilimi. Akwai kuma ANCOPSS, ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ƙasa, mai rassa a jihohi, inda suke taruwa su tattauna. Jihohi ma sukan shirya tarukan bita. Amma bita suna ta tara. Akwai wadda za a zauna kwana uku a otal, a saurari lacca, a karɓi jaka da alawus da takardar shaida, a dawo makaranta kamar ba a je ba. A ganinmu wadda take da amfani ita ce wadda mutum zai je da ainihin matsalar makarantarsa, ya ziyarci wata makarantar ya ga yadda suka magance irinta, ya dawo ya gwada, sannan bayan 'yan watanni wani ya biyo sawu ya tambaye shi yadda aka kwana.

Ba mu san irin wadda Baba ya je ba, amma mun ga abin da ya dawo da shi. A makon farko muna tsakiyar darasi sai ga shi ya shigo da ɗan littafinsa, ya wuce bencin baya ya zauna kusa da ɗan ajinmu da ya fi kowa surutu. Malamin ya daburce har alli ya faɗi daga hannunsa. Baba bai ce uffan ba har aka buga ƙararrawa. Daga baya muka ji cewa yakan kira malamin ofis su zauna su biyu, ya fara da abin da ya burge shi kafin ya zo kan gyara. Ba dukan malamai suka so abin ba. Wasu sun ce sa ido ne, kuma ba su ɓoye ba.

Ya kuma kafa akwatin ƙorafi a bakin ɗakin karatu, mabuɗin yana aljihunsa. Mu kuwa muka cika shi da shirme: kukan wake, zagin shugabannin ɗalibai, har da wasiƙar da wani ya rubuta yana neman a ƙara kwanakin hutu. Amma a cikin tarkacen akwai wata 'yar takarda da ta ce wani aji ya yi mako biyar babu darasin lissafi, alhali littafin ofis yana nuna ana yi. Baba ya shekara yana wucewa ta gaban ajin nan bai sani ba. Kafin ƙarshen zangon an gyara, kuma 'yan ajin suka samu darasin yamma don cike giɓin.

Ba komai ne ya sauya ba. Bulalarsa tana nan, waken ma haka. Atisayen dare da ya ɓullo da shi, inda ake busa usur kowane ɗaki ya bi hanyarsa zuwa wurin taruwa, karon farko ya zama rikici, wasu suka fito ba takalmi, wani ya yi barcinsa har aka gama ƙirga. A karo na huɗu kuwa kowa ya san inda zai nufa a cikin duhu.

Kusa da jarrabawar JAMB muna ɗakin kwamfuta muna gwaji, Baba ya leƙo. Muka miƙe. Ya ce mu zauna, ya jawo kujera kusa da wani yaro ɗan aji huɗu da ya fi mu iya na'urar.

"Ɗana, nuna mini yadda ake komawa tambayar da aka tsallake."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Baba, ni?"

"Kai fa. Ai na ga hannunka ya fi nawa sauri."

Sai da yaron ya maimaita masa sau uku. A na uku Baba ya ciro ɗan littafin nan nasa ya rubuta.